Darasi na Goma Sha Biyu: Zaɓen Fannin Karatu a Jami'a

Duk shekara idan hukumar JAMB ta buɗe rajista, matasa daga Fakku da Kuchi da Sangi da Ungushi sukan hau mota ko babur su nufi garin da ke da cibiyar cike fom. Da yawansu sai sun zauna gaban mai kwamfuta, layi na bayansu yana jira, sannan ake tambayarsu, "Wane kwas za a sa maka?" Sai yaro ya ce a sa masa wanda ya fi sauƙin samu, ko wanda ɗan maƙwabta ya yi. Cikin minti biyu an yanke abin da zai ci shekara huɗu na rayuwarsa da buhunan geron mahaifinsa.

Masu wannan aji kashi biyu ne. Akwai waɗanda suke son su ci gaba da karatu da kansu har su kai ga babbar makaranta, akwai kuma iyaye da yayye da za a zo a nemi shawararsu. Dukkanku kuna bukatar sanin abin da ke cikin fanni kafin a biya kuɗinsa. Wannan darasi zai duba fannoni huɗu: kimiyyar harshe, koyarwa, lissafi, da dabarun bincike. An haɗa su wuri guda domin sukan cuɗanya a jami'a, kuma kowannensu yana da tushe a cikin abin da mutumin wannan yanki ya riga ya sani tun daga gida.

Ƙofar shiga

Ana fara zaɓen fanni tun a shekarar farko ta babbar sakandare, ranar da aka raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da ajin adabi. Wanda bai ɗauki Fizis ko Kemistiri a lokacin ba, ƙofofi da yawa na ɓangaren kimiyya sun rufe masa, ko da bai sani ba sai bayan shekara uku. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Wanda ya fito daga makarantar Larabci yana da jarrabawar NBAIS, ita ma ana karɓarta. Akan yi wa waɗannan ƙa'idoji gyara lokaci zuwa lokaci, musamman batun Lissafi ga masu neman fannonin harshe da adabi, saboda haka kundin JAMB na shekarar da za a nema shi ne abin dubawa, ba abin da wani ya tuna daga zamaninsa ba.

Ga babban da ya bar makaranta da daɗewa, hanyar a buɗe take. Bayan ajin yaƙi da jahilci da ajin da ke biye da shi, mutum yana iya shiga ajin ci gaba, ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ta 'yan waje, wadda ake yi a ƙarshen shekara. Akwai mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, wato 16, amma babu dokar da ta ce ɗan shekara arba'in ya tsufa. Gemu ba ya hana ilimi. Abin da kawai zai bambanta shi ne hidimar ƙasa: wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala digiri ana ba shi takardar ɗauke nauyi, ba ya zuwa sansani.

Ƙofofi biyu ne manya. Ta farko ita ce jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake zaunawa, Turanci dole ne a cikinsu, jimillar maki 400, kuma a kan kwamfuta ake yi. Ba a yin rajista sai da lambar NIN, kuma sunan da ke kan NIN ya zama daidai da na takardun makaranta. Harafi ɗaya da ya saɓa yana iya jawo zirga-zirgar watanni. Wanda ya shiga ta wannan ƙofa zai yi shekara huɗu a fannonin da muke magana a kansu. Ƙofa ta biyu ita ce shiga kai tsaye, ga mai NCE ko difloma ko sakamakon IJMB, wanda yakan fara daga aji biyu ya yi shekara uku.

Makarantun ba su yi mana nisa ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato kafin a sauya mata suna a 1988, tana da mazauninta na dindindin a Dundaye. Akwai Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ta faro a 1970, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Gidan Madi. Mutumin Tambuwal ko Kebbe kuwa kada ya manta da maƙwabta: jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ta Gusau, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Magidancin da ba zai iya barin gona da iyali ba yana da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, da kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna tun 1976, wadda ke karantar da malamai suna kan aikinsu.

Kimiyyar harshe

Wannan ne fannin da aka fi yi wa mummunar fahimta. Wasu suna zaton koyon harsuna da yawa ne, wasu kuma su ce, "Bahaushe ya je jami'a ya karanta Hausa? Me ya rage masa?" Mai kimiyyar harshe yana binciken yadda harshe yake aiki ne: yadda ake furta sauti da leɓe da hanƙa da maƙogwaro, yadda sautuka ke haɗuwa su ba da kalma, yadda kalmomi ke jeruwa su ba da jimla, yadda ma'ana ke fitowa, da yadda magana ke sauyawa daga gari zuwa gari da zamani zuwa zamani. A aji za ku ji ana kiran waɗannan rassa ilimin furuci, tsarin sauti, ƙirar kalma, ginin jimla, ilimin ma'ana, da walwalar harshe.

Mu ɗauki misali daga bakinmu. A nan ƙasar Sakkwato muna cewa zamna, sabka, amre. A littafin makaranta kuwa an rubuta zauna, sauka, aure. Yaro da yawa ya sha jan biro a kan wannan, har ya ɗauka Hausar gidansu gurɓatacciya ce. To amma ku dubi kalmomin da kyau. A duk ukun, baƙin da ake furtawa da leɓɓa ne, m ko b, ya zo a ƙarshen gaɓa, sai ya koma u a Kananci. Wani Bajamushe mai suna August Klingenheben ya bayyana wannan ƙa'ida a ƙarshen shekarun 1920, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Abin da ƙa'idar ta nuna shi ne zamna ta girmi zauna. Sakkwatanci ne ya riƙe tsohuwar siga, Kananci ya sauya. Haka kuma munka da sunka da anka, da hwari a madadin fari, da yadda muke cewa rigab Bello da motam Musa, muna ninka baƙin da ke gaba: duk suna bin tsari, babu ko ɗaya da ke faruwa da ka. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne a kan Kananci domin a samu hanyar rubutu guda, kuma wajibi ne ɗalibi ya ƙware a kanta. Wannan bai sa karin harshensa ya zama kuskure ba.

Wani abin da ɗalibi zai fara lura da shi shi ne rubutunmu yana ɓoye abubuwa biyu: tsawon wasali da karin sauti. Gari na mutane da gari na tuwo harufansu ɗaya, amma kunne yana jin wasalin farko na garin tuwo ya fi tsawo. Fari na launi da fari na rashin ruwan sama kuwa hawa da saukar murya ne suka raba su. Bahaushe yana yin wannan tun yana goye ba tare da ya san yana yi ba. A jami'a ne zai koyi ya sa masa alama, ya kuma bayyana shi ga wanda bai iya ba.

Daga nan sai a faɗaɗa. Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi, waɗanda suka haura ɗari, irin su Bolanci da Ngizim da Bade da Angas. Dangin Cadi kuma reshe ne na babban gidan da ya haɗa Larabci da Ibrananci da Amharik na Habasha da harshen Buzaye, kamar yadda Joseph Greenberg na Amurka ya tsara. Fulatanci, duk da zaman tare na ɗaruruwan shekaru, daga wani gida daban ya fito. Danginsa suna can Senegal. Harshen Dakarkarin ƙasar Zuru ma ba dangin Hausa ba ne. Ɗalibi daga kudancin Sakkwato, wanda ya tashi yana jin Hausa da Fulatanci a kasuwa ɗaya, ya shigo fannin da guzurin da wasu sai sun yi tafiya suke samu.

An yi aiki mai yawa a kan Hausa. Ƙamusun G. P. Bargery ya fito a 1934, kuma yakan sa alama a gaban kalmar da ya ji a Sakkwato ko Katsina. Farfesa M. K. M. Galadanci ya fitar da littafinsa na nahawu a 1976, Paul Newman ya fitar da babban nahawunsa a 2000, Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006. A Jami'ar Ɗanfodiyo akwai Sashen Harsunan Nijeriya, inda malamai irin su Farfesa Ahmad Halliru Amfani da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza suka yaye ɗalibai masu yawa. Duk da haka kalmomin noma da kiwo da su da saƙa na ƙauyukanmu, da yawansu suna bakin tsofaffi ne kawai, kuma tsofaffin suna tafiya.

Sai a bambance digiri biyu. Digirin Hausa ya ƙunshi harshe da adabi da al'ada. Digirin kimiyyar harshe ya fi zurfafawa a kan tsarin harsuna gaba ɗaya, kuma da Turanci ake karantar da shi. Ina aikin yake? Akwai fassara, akwai gidajen rediyo daga Rima Radiyo har zuwa sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, akwai gyaran littattafai, akwai kuma kamfanonin da ke koya wa na'ura harshe, tun da Google ta sa Hausa cikin manhajarta ta fassara a 2013. Gaskiyar magana dai, waɗannan guraben ba su da yawa, kuma mafi yawan masu wannan digiri aji suke komawa. Mai hankali sai ya shirya wa ajin tun da wuri.

Koyarwa

A ƙasar nan an mayar da fannin koyarwa wurin da ake tura wanda makinsa bai kai na likitanci ko lauya ba. Wannan ɗabi'a ta yi mana ɓarna, domin wanda aka tura dole shi ne zai tsaya gaban 'ya'yanmu shekaru masu yawa. Tarihin yankin ma bai yarda da wannan raini ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara 'Yan Taru: takan horar da jajis, mata dattijai, ta naɗa musu malfa, su koma ƙauyuka su karantar da mata da waƙoƙin da ta tsara. Horar da malamai ke nan, da manhaja da komai. Duk mai zuwa Sakkwato daga Tambuwal yana ratsa garin Shagari. Alhaji Shehu Shagari, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato, ya kuma yi hedimasta a Argungu, har ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su riƙe labarin ƙasa. Ajin da kuke zaune a ciki ma jikan gangamin Yaƙi da Jahilci ne na shekarun 1950, lokacin da lardin Sakkwato ke da jaridarsa, Zaruma, domin sababbin masu karatu.

Hanyoyin zama malami uku ne. Ta farko NCE, shekara uku a kwalejin ilimi, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar da doka ta amince a shiga aji da ita. Yawanci darussa biyu ake haɗawa, kamar Hausa da Addinin Musulunci, ko Lissafi da Fizis. Akwai kuma sashen ilimin firamare, wanda shi kaɗai ake ɗauka. Ta biyu digirin ilimi, inda ake haɗa darasin da mutum zai koyar da dabarun koyar da shi. Ta uku ita ce PGDE, difloma ta bayan digiri, ga wanda ya karanta wani fanni zalla sannan ya ga aji ne makomarsa. Kowace aka bi, sai an yi rajista da hukumar TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, kafin a zama malami mai lasisi.

Me ake koya a ciki? Ilimin halayyar yara, wato yadda ɗan shekara shida ke fahimta daban da ɗan sha biyu. Tsara manhaja da shirin darasi. Yadda ake auna fahimta, domin tambayar jarrabawa ma sana'a ce: tambaya mara kyau haddar yaro take aunawa, ta bar fahimtarsa. Sai koyarwar gwaji, wadda ɗalibai ke kira TP, inda ake tura mutum makaranta na makonni, malaminsa ya zo ya zauna a bayan aji yana ba shi maki. A nan ne mutum ke gane ko aikin nasa ne. Sanin abu daban, iya sa yara sittin su san shi da alli guda daban.

Akwai kuma digirin ilimin manya, wanda ake yi a Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ɗanfodiyo. Babba ba ya koyo kamar yaro. Yana zuwa aji da gajiyar gona, da kunyar kada a yi masa dariya, da kuma sanin duniya da ya fi na malaminsa a wasu wurare. Wanda ya taɓa zama a wannan benci ya fi kowa dacewa da wannan fanni.

Magana ta musamman ga mata da mazajensu. A ƙauyuka da yawa uba ya fi sakin jiki ya bar 'yarsa ta ci gaba da zuwa makaranta idan akwai malama a ciki, malamar da aka turo daga birni kuwa ba ta cika daɗewa ba. 'Yar gari ce ke zama. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau ta mata ce zalla, tsarin NTI kuma yana ba matar aure dama ta yi karatu ba tare da ta ƙaura ba.

Lissafi

Tsoron lissafi gado ne da muke bar wa yara da bakinmu. Uwa ta ce ita ma ba ta iya ba, yaro ya ɗauka a jini yake. Alhali matar da ke adashi da mutum goma sha biyu, tana riƙe da zubin kowa da kwasar kowa a ka, lissafi take yi. Malamin da ke rabon gado kuwa ya fi haka.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Bayan an biya bashi da wasiyya, abin da ya rage naira 2,400,000 ne. Matar tana da sumuni, ɗaya bisa takwas, wato 300,000. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida, wato 400,000. Saura 1,700,000. Namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, saboda haka sai a kasa biyar: kowane kaso 340,000. 'Yar ta ɗauki 340,000, kowane ɗa ya ɗauki 680,000. Malamin da ya fara neman asalin mas'ala, ya ce daga 24 za a fitar da ita, yana neman ƙaramar lambar da takwas da shida za su iya rabawa ne, abin da ake koya wa 'yan firamare da wani suna. Wannan dangantaka tsohuwa ce. Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda kuma daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara, ya cika wani babban sashe na littafin da mas'alolin gado da wasiyya.

A ƙasar Hausa ma an yi masana. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina murabba'in lambobi, irin wanda malamanmu ke kira hatimi, inda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da jimilla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. A zamaninmu akwai Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

Sai dai a sani, lissafin jami'a ya bambanta da na sakandare. A sakandare ana ba ka hanya ka bi ka fitar da amsa. A jami'a ana tambayarka hujjar da ta sa hanyar take aiki ko da yaushe. Kowa ya san shafa'i da wutiri. Idan ka tara wutiri biyu, 3 da 5, ko 7 da 11, shafa'i kake samu. Misali dubu ba hujja ba ne, domin ba ka gwada na dubu da ɗaya ba. Hujjar ita ce: kowane wutiri, idan ka jera shi bibbiyu, ɗaya ne ke saura. Wutiri biyu, saura biyu ke nan, su kuma sai su haɗu su zama biyu cif. Babu abin da ya rage, ko lambobin sun kai miliyan. Wanda ya ji daɗin wannan a ransa, lissafi zai karɓe shi. Wanda saurin ƙidaya kawai yake da shi, ya duba ƙididdiga ko akanta.

Digirin lissafi zalla ya ƙunshi aljabara, da kalkulas mai auna yadda abu ke sauyawa, da ƙididdiga, da rubuta manhajar kwamfuta. A jarrabawar UTME ana bukatar Lissafi tare da darussan kimiyya irin su Fizis da Kemistiri. Masu shi suna samun aiki a bankuna, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da kamfanonin sadarwa. Mai digirin koyar da lissafi kuwa ba ya daɗewa yana neman aji, domin ƙarancin malaman lissafi kuka ne da kusan kowace sakandaren karkara ke yi.

Bincike

Ba kasafai ake yin digirin farko a kan bincike shi kaɗai ba. Kwas ne da kowa ke ɗauka, yawanci a aji uku, sannan a aji huɗu ya rubuta kundinsa ƙarƙashin malami mai duba aiki. Kundin yakan zo babi biyar: gabatar da matsala, bitar abin da magabata suka rubuta, hanyar da aka bi, abin da aka gano, da kammalawa.

Tushen abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shin sun taɓa haɗuwa. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya shafe rayuwarsa yana tara takardun Daular Usmaniyya yana auna su, shi ya sa masu binciken tarihi daga ƙasashen waje suke zuwa zaurensa. Hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato sunansa take ɗauke da shi.

A ce ɗaliba tana son sanin dalilin da ya sa yara ke raguwa a firamaren garinsu da damina. Da farko sai ta tabbatar suna raguwar: ta buɗe rajistar aji ta kwatanta watan Fabrairu da watan Yuli, kada ta dogara da "kowa ya sani". Sannan wa za ta tambaya? Idan ta tsaya a kan magidantan da ke zama ƙofar masallaci bayan La'asar, ba ta ji ta bakin iyaye mata ba, ba ta ji ta yaran ba, ba ta kuma je rugagen Fulani ba. Amsar da za ta samu ta mutum goma ce masu ra'ayi iri ɗaya. Yadda aka yi tambayar ma yana juya amsa. Wanda aka ce wa, "Ai talauci ne ya sa, ko?" zai ce e don kunya. Takardar tambayoyi da aka buga da Turanci, a miƙa wa wanda ajami kawai yake karantawa, ɓata takarda ce. Ku lura, a wannan ɗan aiki ɗalibar ta bukaci lissafi wajen kwatanta rajista, ta bukaci sanin harshe wajen tsara tambaya, matsalar kuma ta koyarwa ce.

Akwai ladubba. Ana neman izinin mutum kafin a naɗi muryarsa, ana gaishe da mai gari a sanar da shi, ba a kuma bayyana sunan wanda ya ce a sakaya. Ɗaukar rubutun wani ba tare da ambatonsa ba satar fasaha ce, kuma tana iya jawo kora. A kusa da manyan makarantu ba a rasa masu sayar da tsohon kundi a sauya masa bango. Wanda ya saya ya biya kuɗi ne domin a hana shi koyon abin da zai fi yi masa amfani a ofis ko a aji.

Batun kuɗi kuwa, a lissafa shi tun kafin a cike fom: kuɗin rajista, ɗaki, abinci, mota, littattafai, sau shekarun karatun. A nemi tallafin hukumar bayar da tallafin karatu ta jiha. Tun 2024 akwai asusun NELFUND mai ba ɗaliban makarantun gwamnati rance, amma rance ne, ana biya bayan an fara aiki.

Tambayoyi da aiki

1. Wace ƙofa mai takardar NCE zai bi ya shiga jami'a, kuma shekara nawa zai yi?

2. Ku rubuta kalmomi goma da ake furtawa a garinku daban da yadda suke a littafi. Ku kasa su gida-gida bisa irin sauyin da kuka gani. Wace ƙa'ida ta fito?

3. Mace ta rasu ta bar miji, da ɗa ɗaya da 'ya ɗaya, iyayenta kuma sun riga ta. Abin rabo naira 1,200,000 ne, miji yana da rubu'i. Nawa kowa zai samu?

4. Ku zana murabba'i mai gida tara, ku jera lambobi daga 1 zuwa 9 yadda kowane layi zai ba da 15. Wace lamba ce dole ta zauna a tsakiya, kuma me ya sa?

5. Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya sami malami ko malama ɗaya a firamaren garinku, ya tambayi hanyar da suka bi suka zama malamai da abin da za su sauya da za a koma baya. Ku nemi izini kafin ku rubuta, ku kawo amsar a zama na gaba.